Kumburin Ciki da Tashin Zuciya: Abinci Ne Ko Magani?

Da kaka ta yi, sabon wake ya shigo gida, gyaɗa da dankali suka wadata, ga bukukuwa bi da bi, sai kukan ciwon ciki ya yi yawa a ƙauye. Wannan ya ce cikinsa ya cika tim kamar ganga, wancan ya ce ko ƙanshin miya ya ji sai zuciyarsa ta tashi. Abin da aka saba yi kuwa sananne ne. A jiƙa kanwa a sha, ko a dafa filasko a wanke ciki, ko a aiki yaro kemis ya sayo “maganin ciki” ko da wane iri ne. Wani ya sami sauƙi, wani kuwa ya ƙara wa kansa wahala.

Dalili shi ne, kumburin ciki ba cuta guda ba ce, alama ce. In ganyen masara ya yi rawaya, ko rashin taki ne, ko ruwa ne ya kwanta a gonar, ko kuwa wuta-wuta ce ta kama saiwar. Manomin kirki yakan duba gindin shukar tukuna kafin ya kashe kuɗinsa. Haka ya kamata mu yi da cikinmu.

DAGA INA ISKAR TAKE ZUWA?

Hanya biyu ce. Ta fari ita ce haɗiya. Kowace loma tana tafiya da ’yar iska. Mai cin abinci da gaggawa, da mai surutu da loma a baki, da mai kwankwaɗar ruwa ba numfasawa, da mai taunar cingam, da mai shan taba, da mai shan lemon kwalba, duk suna cika tumbinsu da iska. Yawancinta takan komo ta gyatsa.

Ta biyu a can cikin babban hanji ake yin ta. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta ba iyaka da suke zaune a wurin, ido ba ya ganinsu, kuma yawancinsu masu amfani ne. Duk abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kāsa narkarwa, su ne suke cinyewa. Matan gida sun san yadda ƙullun waina yake tashi yana kumfa in ya kwana. To, irin wannan aiki ne yake faruwa a hanji, kumfar ita ce iskar. Lafiyayyen mutum yakan fitar da iska wajen sau 10 zuwa 20 a yini da dare, ko da yake ba mai faɗa. Wannan ba ciwo ba ne. Wanda ya yi ta riƙe ta saboda kunya shi ne yakan kwana da murɗar ciki.

WAKE DA ’YAN’UWANSA

Wake da gurjiya da waken suya suna da wani irin sukari wanda jikin ɗan Adam ba shi da abin narkar da shi. Yakan wuce yadda yake har babban hanji. Albasa, da kabeji, da dankali, da alkama su ma suna ba wasu mutane iska. Amma ina roƙonku kada ku bar cin wake saboda wannan. Wake shi ne naman talaka, kuma yaran da ba su samun nama da ƙwai suna bukatarsa ƙwarai. Gyaran a wajen dahuwa yake.

A jiƙa waken tun da dare, sa’a 8 zuwa 12. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya yi luguf. Wannan sukari yana narkewa a ruwa, saboda haka wani kashi nasa yakan bi ruwan da aka zubar. Ga kuma riba biyu, gama jiƙaƙƙen wake ba ya cin itace, ba ya kuwa bukatar kanwa mai yawa. Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, gaskiya ne, amma tana kashe wani bitamin da ke cikinsa mai suna B1. Mai raunin ciki ya gwada alala da aka surfe waken aka cire ɓawon, ya fi masa ƙosai, domin ƙosai ya sha mai. Awara ma ta fi dafaffen waken suya sauƙi, gama sukarin yakan fita tare da ruwan da aka matse.

Wanda ya daɗe bai ci wake ba kada ya fara da cikakken kwano. Ya ci kaɗan kaɗan, sau da yawa a mako. Bayan ’yan makonni hanji yakan saba, iskar ta ragu. Makiyaya sun san wannan a kan dabba: tunkiyar da ta saba da harawa in ta faɗa wa buhun dawa rana ɗaya, kafin yamma cikinta ya kumbura.

Sai madara. Jariri yana narkar da sukarin madara sarai, amma manya da yawa a cikinmu wannan iko yakan ragu bayan yaye. Fulani makiyaya da yawa sun gāji ikon har tsufa, shi ya sa suke sha lafiya lau. Kai kuwa in ka lura duk ran da ka sha shayi da madara mai yawa cikinka yana ƙugi, ko ka yi zawo bayan sa’a ɗaya ko biyu, ka bar ta mako 2 ka gani. Nono da kindirmo sun fi sauƙi domin tsamin ya riga ya cinye wani kashi na sukarin. A tabbata dai an dafa madarar kafin a sa ta yi tsami.

Yadda muke ci ma yana da nasa laifi. Mutum ya wuni a gona da koko kawai, da dare ya zauna ya cinye malmala uku da miya mai maiƙo, ya kora da ruwa, ya miƙe a tabarma. Tumbi yana bukatar sa’a 2 zuwa 4 kafin ya sauke kayansa, in da kitse ma ya fi haka. Gara a raba abincin, a kai wani abu gona da rana, a ci na dare da wuri, a tauna sosai, a ɗan taka ƙafa. Kada a kwanta sai bayan sa’a 2 ko 3. Mai fama da ƙwannafi ya ɗaga wajen kan gadonsa da bulo, ya kwanta ta gefen hagu, ya rage goro da taba da burkutu.

WANKIN CIKI DA KANWA

Mutane da yawa da suke kukan kumburi, taurin bayan gida ne yake damunsu. Muna surfe hatsi mu ba dabbobi dusar, mu ci farar shinkafa da burodi da taliya, ganye kaɗan, ruwa kaɗan. Maganin wannan yana bayan ɗaki: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kuka, gwanda, gwaba, mangwaro a lokacinsa, da ruwan tsamiya. A sha ruwa har fitsari ya yi fari.

Maganar “dattin ciki” da za a riƙa wankewa kowane wata, ni ban ga amfaninta ba. Hanji yana share kansa kullum. Filasko da sauran magungunan zawo masu ƙarfi suna fitar da ruwa da gishirin jiki, mutum ya tashi jiri na ɗibarsa. Ga yaro ƙarami da tsoho wannan haɗari ne. Mafi muni kuwa, in ciwon na toshewar hanji ne ko na afendis, maganin wankin ciki yana iya sa hanjin ya fashe.

Kanwa fa? In ta gamu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi, wanda likitoci suke kira asid, takan kashe zafinsa na ɗan lokaci. Amma wajen yin haka ita kanta tana haifar da iska. Babbar gyatsar nan da mutum yake yi ya ce “ciwo ya fita”, yawancinta iskar da kanwar ta yi ce yanzun nan. Haka yake da garin magani mai tafasa a kofi, da lemon kwalba. Kanwa kuma dangin gishiri ce. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai kumburin ƙafa, da mace mai ciki ko mai jego, kada su mai da jiƙon kanwa magani.

MAGUNGUNAN KEMIS

In zafi ne a ƙahon zuciya da gyatsa mai tsami, farin maganin nan na ruwa da aka fi sani da Mist Mag, ko ƙwayar taunawa irinsa, yana taimakawa bayan cin abinci da lokacin kwanciya. Wanda aka haɗa da simethicone yana fasa kumfar iska, wasu sukan ji daɗinsa. Sai dai irin wannan magani yana hana waɗansu magunguna shiga jiki, kamar tetracycline da ciprofloxacin da ƙwayar ƙarin jini. A sa aƙalla sa’a 2 tsakaninsu. Mai ciwon ƙoda kada ya sha sai da izinin likita.

Omeprazole ya fi ƙarfi, gama shi rage yin asid ɗin yake yi. Babba yakan sha miligiram 20 sau ɗaya, rabin sa’a kafin karyawa. In an sha kwana 14 ciwon bai tafi ba, ko ya tafi ya komo, a je a duba. Akwai wani da aka daɗe ana sha mai suna ranitidine. A shekarar 2020 Amurka da ƙasashen Turai sun janye shi daga kasuwa saboda an sami wani sinadari mai iya jawo ciwon daji a cikinsa. In an miƙo maka tsohon kwalinsa, ka ƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ciwon jiki. Manomi ya dawo daga huɗa gaɓoɓinsa na ciwo, ya sayi haɗin ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, ya watsa a baki ciki ba kome. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai aspirin, ko ibuprofen, ko diclofenac, ko piroxicam, wani lokaci ma biyu tare. Dukansu suna cin bangon tumbi. Su ne suke sa tashin zuciya da zafin ciki, har su kai ga gyambo da zubar jini. Mai ciwon ciki in yana bukatar maganin ciwon jiki ya sha farasitamol, kuma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare. Tramadol da kodin su kuma suna ɗaure hanji su tayar da zuciya.

GYAMBON CIKI

An daɗe ana cewa yunwa da yaji da tunani ne suke kawo olsa. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da take iya zama cikin asid ɗin tumbi, ana kiranta Helicobacter pylori. Da farko ba a yarda da su ba, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu da ciwon tumbi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yanzu an san wannan ƙwaya da magungunan ciwon jiki da na ambata su ne suke kawo yawancin gyambon ciki. Yunwa da barkono suna tsokanar gyambon da yake nan ne kawai.

Yawancin manya a ƙasashenmu suna ɗauke da ƙwayar tun suna yara, kuma mafi yawansu ba ta dame su ba. Wanda ta dama yakan ji zafi a ƙahon zuciya, da saurin ƙoshi, da kumburi, da tashin zuciya. Ana gane ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi. Maganinta haɗi ne, omeprazole ko ɗan’uwansa tare da aƙalla magunguna biyu masu kashe ƙwayoyin cuta, kwana 10 zuwa 14. Likita ne zai zaɓa, kuma tilas a shanye duka ko an ji sauƙi a rana ta uku. Na san masu shan madara gwangwani gwangwani shekara da shekaru saboda olsa. Madara tana sanyaya wurin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Kuɗin madarar wata biyu ya isa gwaji.

TSUTSA DA RUWAN SHA

Yaro mai tulun ciki, ba ya son abinci, yana yawan cewa cibiyarsa na ciwo, a tuna da tsutsar ciki. Albendazole ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ta isa ga mai shekara 2 zuwa sama, rabi ga mai shekara 1 zuwa 2. Inda tsutsa ta yi yawa ana ba yara sau ɗaya ko biyu a shekara. Mace ba ta sha a watanni 3 na farkon ciki.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna giyadiya da ake sha a ruwan tafki da na rijiya marar murfi. Alamarta kumburi, da gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da zawo mai kumfa da wari, yau ya tsaya gobe ya komo. Malamin asibiti yakan ba da Flagyl ko tinidazole. Ba a shan giya da su, har kwana 3 bayan an gama. Amma in an koma wa ruwan nan ba tafasawa, ba salga a gida, ba wanke hannu da sabulu, an yi aikin baban giwa.

IN ZUCIYA TANA TASHI

Kada a tilasta wa mutum tuwo. A bar ciki ya huta, a riƙa ba shi ruwa kurɓi kurɓi, cokali ɗaya ko biyu kowane minti kaɗan. Kofi guda a lokaci ɗaya shi yakan komo. In ya fara zama, sai koko marar kauri, ko kunun tsamiya, ko farar shinkafa, ko ayaba, ko busasshen burodi, kaɗan kaɗan. Abinci mai sanyi ya fi mai tururi, gama ƙanshi ne yake tayar da zuciya. Soye-soye da kitse su dakata.

In ana amai da zawo, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara. A kaɗa garin ORS bisa ga yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardarsa. In babu, a sami lita 1 ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa 2 masu rabin lita, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ya fi hawaye gishiri. Yaro ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Mai shan mama kada a hana shi. A karɓo masa ƙwayar zinc ya sha kwana 10 zuwa 14.

Citta magani ce ta gaske ga tashin zuciya, ga ta kuwa ana nomanta a Kachiya da Kwoi da Kagarko, ba kasuwar da ba ta. A daka ɗanya kamar gaɓar babban yatsa a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ko a sha garinta wajen giram 1 a yini, watau rabin ƙaramin cokali, a raba sau uku. In ta yi yawa tana tayar da ƙwannafi.

Mata masu ciki wajen 7 cikin 10 suna laulayi. Yakan fara kusan mako na 6, ya lafa a wata na huɗu. Mace ta ajiye busasshen burodi ko biskit kusa da gado, ta ci kafin ta sauko, kada kuma ta bar cikinta ya zama wayam. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2016 ta amince da citta da bitamin B6 domin wannan. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo tana iya tayar da zuciya ta kuma sa bayan gida ya yi duhu. Kada ta daina, ta mai da shanta dare bayan abinci. Maigida, in ƙanshin suya ne yake tayar mata, a sami mai karɓar girki na ’yan makonni, ba lalaci ba ne. In ta wuni ta kwana ko ruwa ba ya zama, fitsarinta ya ragu ya yi ja, a kai ta asibiti a ƙara mata ruwa.

Maganin tsai da amai ba na saye da ka ba ne. Promethazine yana sa barci, direba da ɗan acaɓa su kiyaye, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Metoclopramide ba a wuce kwana 5 ana sha. Ga yara da matasa yana iya sa wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito, har a zaci iskoki ne. Maganin ne, kuma asibiti suna da allurar da take warware shi. In akwai zazzaɓi tare da amai, a yi gwajin maleriya tukuna.

ABIN DA YA FITO DAGA GONA DA RUMBU

In mutane da yawa a gida ɗaya suka fara amai bayan sun ci daga tukunya ɗaya, a tambayi inda hatsin ya fito. Irin shuka da aka shafa wa jan magani ba na ci ba ne, ko an wanke. Waken da aka yayyafa wa Sniper ma haka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dichlorvos, watau dafin da ke cikin irin wannan magani. Abin da Turawa suka ƙi, mu ne muke dafa wa ’ya’yanmu. Ga buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami’ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana kashe ƙwari ta hana su iska, ba magani ko ɗigo. Ƙwayar hayaƙi da ake sa wa buhu kuwa kada a ajiye ta a ɗakin da ake kwana. Rogo mai ɗaci a ɓare shi a jiƙa kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi kafin a shanya. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a zubar, gama dafinsu hanta yake ci.

Wanda ya dawo daga feshi yana jin tashin zuciya, da gumi, da dalalar miyau, da wahalar numfashi, dafi ne ya shige shi. A tuɓe masa kayan, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Ba su karya dafi, suna kuwa iya shaƙe shi.

KUMBURIN DA BA NA ISKA BA

Na iska yana zuwa bayan abinci, ya sauka da safe. Wanda yake ƙaruwa kullum ba ya sauka, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, mai yiwuwa ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda ko tarin fuka na ciki. Yaro mai babban ciki da kumburarrun ƙafafu, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tamowa ce, ba maye ba, ba kuwa tsutsa kaɗai ba. Macen da ta wuce shekara 50, cikinta ya yi makonni a kumbure, tana ƙoshi da loma kaɗan, a duba mata mahaifa da ƙwayayenta. Duk wanda yake ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ya ga likita cikin makon nan.

Akwai kuma waɗanda ba a jira gari ya waye. Aman jini, ko amai mai kama da dusar kofi, ko bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta. Ciki ya yi tauri kamar katako, ba ya taɓuwa, musamman bayan zazzaɓin mako biyu ko uku, gama taifot tana huda hanji. Ciki ya kumbura ba bayan gida ba iska, ga koren amai, ko gwaiwa ta fito ta ƙi komawa tana ciwo. Macen da ta yi ɓatan wata, mararta ta murɗe ta gefe ɗaya tana ganin jiri. Mai tsohon ciki da take jin ciwon kai da zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, fuskarta ta kumbura. Dattijon da ya ce iska ta tokare masa ƙirji, yana gumi, ciwon yana bin hannu ko muƙamuƙi, wannan zuciya ce ake tsoro.

In ciki ya yi tauri ko ya toshe, kada a ba shi abinci ko jiƙo ko maganin wankin ciki, domin in aiki za a yi masa ana son tumbi ba kome. A nemi mota nan da nan zuwa asibitin da ake yin tiyata, a tafi da kwalaye da ledojin duk maganin da ya sha, da mutum biyu ko uku da za su iya ba da jini.